Matar da Ke Ciyar Min da Ɗa a Abuja

Tun da na dawo daga Abuja ban huta da tambaya ba. Matan layinmu, direbobin da ke cin tuwo a rumfata, har da Alhaji mai shagon taya da ba ya sakar wa kowa fuska, kowa sai ya ce, "Hajiya Asabe, yaya Abujar?" In na ce lafiya lau, su ce ba wannan suke tambaya ba. To, ga shi zan faɗa gaba ɗaya, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, ni kuma in koma kan tukunyata.

Ku fara sanin cewa ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ba. Kishi ne ya kai ni.

Ni dai mai tuwo ce a Kwangila, nan Zariya, tun ina goyon autana Nura. A gindin murhuna ya yi rarrafe, a nan ya yi wayo. Da ya gama koyon gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wadda suke cewa esi, wani kamfani ya ɗauke shi aiki a Abuja. Farkon zuwansa, duk wayar da zai yi min kukan yunwa ne. "Umma, abincin garin nan ba ya zama a ciki." Ina tausaya masa, amma can ƙasan raina wani daɗi nake ji. Sai in daka yaji, in yi dambun nama, in ba direba ya kai masa.

Ana nan sai kukan ya ɗauke. Ran nan na ce zan aiko da saƙo, ya ce, "Umma, ki daina wahalar da kanki, ai akwai wurin Mama Rifkatu."

Mama. Haka ya faɗa, bakinsa ko nauyi bai yi ba.

Daga nan kuwa sunan ya zauna a gidana. Mama Rifkatu ta ce a gaishe ki. Mama Rifkatu ta yi kaza. Da ya zo hutun Sallah na tuƙa masa tuwon dawa, na kaɗa miyar kuka da man shanu, na barbaɗa yaji yadda yake so. Yaron nan ya ci loma kaɗan ya ture kwano, wai ya ƙoshi. Nura, wanda da sai na ƙwace kwano daga hannunsa! Na ɗauke kwanon. Yana komawa na bar wa ƙanwata rumfa, na ce zan je in ga ɗakin da yake kwana. A zuciyata kuwa matar nan nake son gani.

Na yi shiri kamar mai zuwa yaƙi. Daddawa mai kyau, kuka sabon daka, busasshiyar kuɓewa, da man shanu a roba. Bas ɗinmu ba ta kai Kaduna ba daddawar ta fara sanar da kanta. Wata budurwa da ke kusa da ni, ta sha turare, ta toshe hanci ta ce, "Direba, anya ɓera bai mutu a motar nan ba?" Aka shiga leƙen ƙarƙashin kujeru. Ni ma na taya su leƙawa. Sai a wani shingen bincike bayan Kateri asirina ya tonu, da jami'i ya ce a buɗe jakar da ke tsakanin ƙafafuna. Ya sunsuna, ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, kin tuna min da tsohuwata." Na ɗebar masa kaɗan. Budurwar ba ta sake yi min magana ba har muka rabu.

A Tafa muka tsaya salla da cin abinci. Na sayi shinkafa don in ga yadda 'yan'uwana masu sana'a ke yi a hanya. Matar ta zuba, ta miƙo, idonta na kan waya, ko fuskata ba ta kalla ba. Na dawo mota na tarar man shanun ya narke ya bi gefen mayafina. Haka na shiga babban birnin tarayya, ina ƙamshin miya.

A tashar Utako Nura ya tarye ni. Ya yi kyau, ya yi kumatu, kuma abin da ya fara ɓata min rai ke nan. Wace uwa ce za ta ga ɗanta ya murmure ta ji haushi? Ga ta nan a gabanku.

A Durumi yake zaune. In kana kan babban titi sai ka rantse duk garin benaye ne, amma kana saɓa kwana sai ga ɗakunan kwano a cunkushe, ga 'yan garuwa suna tura kura, ga masu gasa masara, kamar Tudun Wada aka ɗauko aka ɓoye a bayan gilashi. Ɗakinsa su biyu ne da abokin aikinsa, don haka aka sauke ni wurin maƙwabciyarsu Talatu, wata tela 'yar Kafanchan. Mace mai kirki. Ta ba ni gadonta, ta ɗora min ruwan wanka. Ina cikin sa mata albarka sai ta ce, "Mama, kin ci abincin Mama Rifkatu kuwa? Kai, sai kin ci!" Na ce mata barci nake ji.

Washegari Nura ya ce manajan wani babban gidan abinci da yake yi wa gyara ya ce lallai ya kawo ni. Muka je. Ƙofar da kanta ta buɗe. Sanyi ya doke ni har cikin ƙashi, Nura yana ta nuna min na'urorin da ke jikin bango yana cewa aikinsa ne, ni kuwa ina ƙudundune cikin mayafi ina cewa Allah ya yi albarka. Wurin tsaf, ba zan yi musu ƙarya ba, ƙasan ma kana ganin fuskarka. Amma shiru kamar asibiti. Mutum ya shigo ya wuce ka kana cin abinci, ba sallama, kai ma ba bismilla. Wasu a gefenmu aka kawo musu abinci, maimakon su ci sai suka tashi tsaye suna ɗaukarsa hoto har ya huce.

Wani ma'aikacin wurin mai ɗamarar wuya ya tsaya a kanmu da hannu a baya. Na ce tuwon shinkafa da miyar taushe nake so. Aka daɗe, har na fara zaton gona aka tafi yankan shinkafar. Da ya iso, malmala ce guda kamar ƙwan agwagwa a tsakiyar faranti mai faɗin faifai, an ɗiga miya a gefe, an ɗora wani ganye a kai, ga wuƙa ga cokali mai yatsu. Miyar ba ta yi muni ba, amma ba ta san daddawa ba. Kuma duk lomar da na kai baki, mutumin nan yana kallo. Da muka gama, hannuna da ya saba ya tattara farantan, na goge teburin, na miƙe zan kai musu ciki. Sai ga shi da gudu, "Madam! Madam, a'a!" Nura ya riƙe min hannu yana dariya ƙasa-ƙasa, "Umma, za ki sa a kore shi daga aiki."

Na fito raina fes. Na ce, "In dai wannan ne abincin Abuja, ai ni ban da abin tsoro."

Ya ce, "Ai Umma ba irin nan nake ci ba. Sai gobe."

Wurin Rifkatu yana bayan kasuwar Utako. Rumfar kwano ce da daɓen siminti, benci da tebura, ko allon suna babu. Da rumfata da tata, tawa ta fi girma. Na shiga da idon neman aibi, kuma ku shaida, na iya nema.

A bakin ƙofa akwai bokiti mai famfo da sabulu, da tsumman goge hannu fari tas. Na duba ƙuda, ban gani ba. Na leƙa madafa, a buɗe take, kowa yana ganin abin da ake zuba masa. Na dubi faratan matan da ke raba abinci, a yanke. A kusurwa an kewaye wani wuri da labule, ga tabarma ga butoci, alhali mai wurin da sarƙar gicciye a wuyanta. Nura ya raɗa min cewa namanta ma wurin mahauci Musulmi take saye, kowa ya sani, shi ya sa har malamai ke ci a nan.

Sai ga ta. Gajera, baƙa, mai jiki, sa'ata ce ko ta ɗan girme ni. Ta yar da ludayi ta rungume ni. "Mama Nura! Ka zo! Ka zo lafiya? Yaya hanya?" Mutuniyar Filato ce, Hausarta ba ta raba mace da namiji. Na riƙe wannan a raina, na ce to ga aibi ɗaya.

Ta zaunar da ni inda iska ke shigowa. Daga nan na zuba ido. Duk wanda ya shigo ta san shi. "Oga Sule, yaya ƙafa? A ba shi sakwara, kada a sa masa ganda, haƙorinsa." "Malam, ka yi salla tukuna, zan ajiye maka da zafi." Wani mai kwat ya shigo yana kaɗa makullin mota, ya ce a yi sauri. Ta ce, "Oga, zauna, wannan bawan Allah ya riga ka," tana nuna wani lebura da siminti har gira. Mai kwat ya zauna kusa da lebura, kafin a jima suna gardamar ƙwallo. Wanda bai taɓa zuwa ba kuwa, sai ta ɗiba masa miya a cokali ya ɗanɗana kafin ya zaɓa. Matan da ke mata aiki suna ta raha. Na tambayi ɗaya ko ba sa gajiya, ta ce ai su ake fara zuba wa abinci kafin a buɗe, Madam ta ce mai jin yunwa ba ya iya yi wa baƙo fara'a.

Ina kallo ina tuna rumfata. Akwai direban da ya shekara da shekaru yana cin tuwona, da "mai jar hula" na san shi.

Nura kuwa ko oda bai yi ba. Yana zama aka ajiye masa kwano, har da cokalinsa na daban. Ni ma aka kawo min irin nasa, gwaten acca, wato faten mutanen Filato, da alayyafo da yakuwa da gauta, da ƙashi mai bargo a tsakiya. Na kai cokali na farko ina addu'ar Allah ya sa ya yi tsami. Jama'a, gwaten nan ya yi. Tsamin yakuwar daidai, ɗacin gautar daidai, ga zafi har cokalin ƙarshe. Sai da na ga gindin kwano na tuna da abin da ya kawo ni.

Ta zo ta tsaya tana goge hannu. "Mama Nura, yaya?"

Na ce, "Ba laifi. Sai dai yaji bai ji ba."

Ta ce, "Ai tukunyan Nura ne na zuba maka. Shi ba ya cin yaji."

Na juya na dubi ɗana, wanda tun yana ƙarami yake lasar yaji a tafin hannu. Ya sunkuyar da kai ya ce wai zai je ya duba wani aiki.

Ban haƙura ba. Kashegari na kwaso kayan yaƙina na ce zan kaɗa miyar kuka a madafarta. Na zaci za ta ji haushi, don ni ko ƙanwata ba ta taɓa min tukunya. Sai matar nan ta hau murna, ta ba ni murhu mafi kyau, ta tsaya tana tambayata yadda nake kaɗawa ba gudaji. Miyar ta ƙare kafin la'asar. Amma duk wanda ya ci sai ya ce, "Mama Rifkatu, yau kin kai mu gida!" Tana ta nuna ni tana cewa, "Ba ni ba ne, ga mai shi," su kuwa su ɗaga min hannu sama-sama su koma suna yi mata godiya. Miyata, daddawata, yabon nata.

Ranar kasuwar Karshi ta ce in raka ta sayen kaya. Muka shiga a-kori-kura, ni da ita a matse a gaba kusa da direba. Tafiya ce mai ɗan nisa, benaye suka ƙare, gonaki suka fara. A wani wuri direban ya ce, "Hajiya, nan Abuja, can Nasarawa." Na duba ban ga komai ba sai akuya tana tsallakawa daga wannan jiha zuwa waccan. A kasuwa na ga yadda take saye. Doya sai ta ƙwarzana ta gani, gauta sai ta gutsura, manja sai ta lasa. A nan dai ban ga abin da ta fi ni ba, har na hana ta sayen wata kuɓewa da ta tsufa, na ji sanyi a raina.

A hanyar dawowa taya ta fashe. Direba ya cire ta ya hau babur ya tafi neman mai faci, ya bar mu a gindin mangwaro da tulin doya. Rifkatu ta sayo mana gyaɗa dafaffiya muna ɓarewa. Can na ce, kamar ba da wata manufa ba, "Wai yaushe Nura ya daina cin yaji?"

Ta ce, "Ai tun ciwon nan."

"Wane ciwo?"

Ta tsaya da ɓare gyaɗar. Ta dube ni. "Bai gaya maka ba? Har yanzu?"

Da kyar na ciro maganar daga bakinta. Ashe da daminar bara, a kan bencinta Nura ya yanke jiki ya faɗi yana aman jini. Gyambon ciki ne, ya daɗe yana cinsa, ga yawon aiki ba karin kumallo, ga yajin da nake aiko masa yana zubawa a komai. Ita da wasu masu cin abinci suka kai shi asibiti. Ita ta yi jinyarsa, tana rufe rumfa da wuri ta kai masa kunu da gwate. Ya roƙe ta kada ta bari in ji, wai ina da hawan jini.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Ke wace ce da za ki ɓoye min ciwon ɗana? Ke kika haife shi? Da ya mutu fa, gawarsa za ki aiko min da gwate?"

Masu wucewa suka fara tsayawa. Ita kuwa ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Gaskiyanka ne. Ranar da ya fi jin jiki na ɗauki wayansa zan kira ka, ya riƙe hannuna yana kuka. Da ni ne aka yi wa haka, ni ma ba zan yafe da wuri ba." Sannan ta ce, "Nawa yaron yana Fatakwal. In na kira shi kullum lafiya, lafiya. Ban san wanda yake ba shi abinci ba. Shi ya sa in yaro ya zauna a bencina, ina kallon fuskansa da kyau."

Na koma na zauna a kan doya. Na yi kuka sosai, kuma ba zan iya rarrabe muku kukan ba. Akwai na tsoron abin da ya kusa faruwa ban sani ba, akwai na yajin da na yi ta dakawa da hannuna. Akwai kuma, Allah ya gani, na baƙin cikin cewa da ɗana ya buɗe ido a gadon asibiti, fuskar wata ya gani. Ta matso ta dafa kafaɗata. Na so in ture hannun, ban ture ba.

Da yamma na tsare Nura a ƙofar ɗakinsa. Ban yi faɗa ba, na ce kawai, "Na ji." Ya durƙusa ya kama ƙafata. "Umma, ki yafe min. Tsoro na ji kada ki faɗi." Na ce, "Da Sallah da ka ture min kwano, me ya hana ka ce Umma yaji ne ba na ci? Ka bar ni ina zaton hannuna ne ya lalace." Ya ce kunya ya ji, ya ga na sha wahala. Na ce masa daga yau ko ciwon kai ya yi ban ji ba, shi da ni ne. Sannan na ari risho wurin Talatu na dafa masa faten wake ba ko ƙwayar barkono. Abincin ya yi min lami a baki. Shi kuwa ya cinye ya kankare tukunya.

Kafin in taho na yi abin da ya fi komai yi min wuya a tafiyar nan. Na je madafar Rifkatu na ce ta nuna min yadda take gwaten. Ni, Asabe, da mata ke zuwa koyon miya wurina. Ta nuna min komai ba ta rage ba, har lokacin da ake zuba yakuwa. Na so a ce ta ɓoye wani abu, in samu abin riƙewa.

Ranar komawa ta biyo mu tasha da kula a ɗaure cikin ɗankwali. "Mama Nura, na hanya." Na karɓa na yi godiya, na ce a raina ba zan ci ba, in na isa gida in ba yara. Mota ta tashi. Ta madubi na hango su tsaye, tana yi wa Nura faɗa tana nuna agogon hannunsa, na san cewa take lokacin cin abincinsa ya wuce. Na kau da kai.

Mun wuce Zuba muka tarar da cunkoso, tirela ta faɗi ta tare hanya. Rana ta take, yunwa ta taso, kular nan tana kan cinyata da ɗuminta. Na daure har na gaji. Na kwance ɗankwalin. Tuwon acca ne da miyar riɗi, ta sa min yaji a ƙulli daban, da yawa, yadda nake so. Ashe ba ta manta da ƙorafina ba.

Matar da ke gefena, wata dattijuwa 'yar Funtuwa, ta yi ta haɗiyar yawu, na ce bismilla. Ta ci loma biyu ta ce, "Kai! Hajiya, ke kika yi wannan?"

Saura kaɗan in ce e. Na ce, "A'a. Wata 'yar'uwata ce, tana da rumfa a Utako."

Ta ce, "Don Allah kwatanta min wurin. Ɗana na kai Abuja, ya samu aiki, ga shi ba ya iya dafa ko ruwan zafi. Tun da na baro shi hankalina bai kwanta ba."

Na dube ta, baiwar Allah, ba ta san abin da take roƙo ba. Na ce, "Zan kwatanta miki. Zai ci mai kyau, zai yi ƙiba, in ya yi ciwo za a kula da shi. Amma ki shirya, wata rana zai kira ki a waya ya ce Mama ta ce a gaishe ki."

Ta yi dariya, ta zaci wasa nake. Na gyara zama na fara yi mata kwatance, tun daga ƙofar kasuwa.